Rahoton da Ya Raba Auta da Danginsa

Akwai wani masanin tattalin arziki da 'yan gidansu ke kira Auta, duk da furfurar da ta fara fito masa. Yana aiki da ƙungiyar ƙasashen yankinsu. Wata rana aka tura shi ya duba ko wata ƙasa ta isa shiga ƙungiyar. Ƙasar kuwa mahaifarsa ce.

Tun daga filin jirgi ake ta rungumarsa, kowa na cewa tunda ɗan gida ne, magana ta ƙare.

Amma da ya zaga, sai ya ga abin ba haka yake ba. A tashar jiragen ruwa injin ɗaga kaya ya yi tsatsa. A masaƙa ya tarar da ma'aikata zaune a kan benci suna jiran wuta. A kasuwa, farashin safe daban, na yamma daban. Ya san in aka buɗe iyaka a haka, kayan maƙwabta masu araha za su kashe ƙananan masana'antu, har da ta yayarsa mai yin sabulu.

Da ya je gaishe ta, ta ce, "Auta, ka rubuta mun shirya mana. Kowa kai ya zuba wa ido."

Ya ce, "Yaya, in na rubuta haka, sabulunki ne zai fara mutuwa."

Ta dube shi ta ce boko ya cinye shi, ta shige ɗaki.

Ya rubuta gaskiya: a gyara wuta da tasha tukuna. Rediyo ya kira shi maci amana. Direbansa ya daina amsa gaisuwarsa. A masauki shi kaɗai yake cin abinci, yana kallon bango. Aka aurar da ɗan yayarsa, a bakin wani ya ji.

Shekaru suka shuɗe ba mai nemansa. Hukumomin ƙasar kuwa, don haushi da son kunyata shi, suka gyara duk abin da ya faɗa. Da suka shiga ƙungiyar, sun shiga da ƙarfinsu, har sabulun Yaya ya fara tsallaka iyaka.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce. Ba ta ba shi haƙuri ba, ta dai ce, "Ka karya kuwa?"

Ya ce, "Tukuna dai, Yaya," ya ja kujera ya zauna.

Darasi: Mai faɗa maka gaskiyar da ba ka so, sau da yawa shi ne mai ƙaunarka, kuma shi ake bari shi kaɗai. Kada ka jira shekaru kafin ka neme shi. Ka tura wa wani ya karanta.