Mangwaron Mazhar da Linkin Dangi

Marigayi mijina Mazhar mutum ne da bakinsa bai iya furta "a'a" ba. Kowa a ƙauyenmu, can bayan Multan, ya san haka. Kirki ne, amma da son yabo a ciki. Idan aka ce masa, "Mazhar Bhai, yayanmu, ai kai ne babbanmu," to ko rigar jikinsa aka nema sai ya tuɓe. Allah Ya jiƙansa, ba zan ɓoye halinsa don ya tafi ba.

Gonar mangwaro ya gada, yawancinta irin chaunsa. A da dillalai ke zuwa su saye gonar tun tana fure, su ba shi abin da suka ga dama. Da 'yarmu Sidra ta gama karatun kwamfuta, sai ta buɗe masa shafi a intanet, mutanen Karachi da Lahore su yi oda a kai musu kwali har gida. Wata mata mai rubutu kan abinci ta ɗanɗana, ta yabe shi a shafinta, ta sa linki, wato wurin da mai karatu zai taɓa ya faɗo shafinmu. Wata jarida ma ta yi haka. Ba su da yawa, amma masu mutunci ne. Sannu a hankali, duk wanda ya nemi chaunsa a injin bincike, sunan Mazhar yake fara gani. Ya sallami dillalai.

Yawo ya riƙa yi da waya yana nuna wa mutane.

"Uwar Sidra, duba! Ni ne a sama, ga attajiran Lahore can ƙarƙashina."

"Na gani," in ce masa. "Shayinka dai ya huce."

Dangi suka samu labari. Wannan yana da shagon takalma, wancan yana sayar da tayar babur, kowa so yake a sa masa linki a shafin Mazhar don shi ma ya hau sama. Sidra ta sa wa 'yan kaɗan, sannan ta ƙi.

"Abbu, zauna ka ji," in ji ta. "Injin nan kamar dattijon unguwa yake. Yana duba wa ya shaide ka, yana kuma duba wa ka tsaya wa. Duk linkin da muka sa, cewa muka yi mun yarda da mutumin."

"To ai na yarda da su! Tare muka yi wasan ƙasa."

"Mai neman mangwaro me zai yi da tayar babur?"

"Da me zai zo ɗaukar mangwaron? Da ƙafa?" Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai.

Wata Juma'a bayan masallaci, maza na zaune kan gadajen igiya a gindin bishiya suna shan lassi, wato nonon da aka dama da ruwa, sai ga Chacha Fazal, ƙanin mahaifin Mazhar, da ɗansa Shakeel a biye. Tsohon ya gyara rawani, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mazhar, ɗana, na ji an ce yanzu a gidanka sai an nemi izinin 'yarka kafin a taimaki ɗan'uwa."

Aka yi dariya. Kunnen Mazhar ya yi zafi.

"Haba Chacha, wa ya faɗa?"

"To ga Shakeel, shi ma ya san kwamfuta. Ba shi mabuɗin shafin ya riƙa sa wa dangi, kai ka huta."

Mazhar ya dubi fuskokin da suka zuba masa ido. A wurinmu ba a mayar wa ƙanin uba magana a gaban jama'a. Nan take ya faɗa wa Shakeel kalmar sirri, kuma bai gaya wa Sidra ba.

Ashe sana'ar Shakeel sayar da linki ce. Akwai masu biya don a sa musu shi a shafi mai mutunci, ba ruwansu da ko mangwaro ake sayarwa. Ya yi ta cusa su a ƙasan shafi da cikin tsofaffin rubuce-rubuce, inda ido ba ya zuwa.

Zafi ya shigo, mangwaro ya fara nuna. An tara kwalaye, an ɗauki masu tsinka, amma waya shiru. Mazhar ya nemi chaunsa a injin bincike. Babu shi a shafin farko, babu a na biyu. Ya yi ta ja har yatsa ya gaji.

"Sidra, zo, injin nan ya lalace."

Ta buɗe kwamfuta, ta bincika shafinmu.

"Abbu, wa ka ba mabuɗi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juyo masa fuskar kwamfutar. Ga hotonsa yana murmushi riƙe da mangwaro, ga kuma layi-layi na gidajen caca da masu jabun magani a ƙarƙashinsa. Mutumin da ko karta bai taɓa riƙewa ba.

"Ni nake tura mutane can?"

"Da sunanka, Abbu."

Sidra ta goge su duka, ta canza kalmar sirri, ta nemi masu injin bincike su sake duba shafin. Amma injin ba ya gaggawar sake yarda da mutum, mangwaro kuwa ba ya jira. Dole Mazhar ya koma wurin dillalan da ya sallama.

"Ina intanet ɗin, Mazhar Bhai? Yau ba ta sha mangwaro ne?" Haka suka yi masa ba'a, suka saya kamar kyauta. Sauran na yi ta matsewa ina shanyawa a rufin ɗaki, har ƙudajen unguwa suka san gidanmu.

Ana cikin haka Chacha Fazal ya dawo. Wai Shakeel ya tuba, ya buɗe sabon shago, linki ɗaya tak yake so. Mazhar ya zuba masa shayi, ya yanka masa mangwaro, gumi na tsattsafo masa.

"Chacha, gidan nan naka ne. Gonar ma taka ce. Amma shafin, a'a."

Tsohon ya tashi bai ƙarasa shayin ba. Mazhar ya shigo madafi ya same ni.

"Uwar Sidra, na faɗa. Kin ga kuma ƙasa ba ta tsage ba."

Sai da shekara ta zagayo shafin ya koma sama. A lokacin Mazhar na kwance, ciwo ya ci jikinsa. Sidra ta kawo masa waya ta riƙe masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito ta kusa.

"Rufe ƙofa," ya raɗa mata. "Kada Chacha ya ji."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ba a gama tsinkar shekarar ba ya rasu, oda na ta shigowa.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, sunanka shaida ne, a unguwa ko a intanet. Duk wanda ka nuna wa mutane ka ce su je wurinsa, ka ɗauki nauyin abin da za su tarar a can. Ka taimaki ɗan'uwa da abincinka da ƙarfinka, amma kada kunya ko son yabo su sa ka tsaya wa abin da ba ka duba ba. Mutuncin da aka daɗe ana tarawa yana iya zubewa a zama ɗaya, kuma ba kowa ke samun tsawon ran ganin ya dawo ba.