Jan Jirgin Malam Zechariah

Akwai wani matashi a Gwarzo mai suna Taufiq, mai shagon gyaran waya a bakin tasha. In dai maganar tuƙa ƙaramin jirgin sama na rimot ce, duk yankin babu na biyunsa. Sai ya kifar da jirgi a sama, ya yi ta tafiya da shi a kife, sannan ya sauke shi a gabanka kamar an ajiye faranti. Ba zan rage masa ba, ya iya. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya, kuma kullum sai ya tuna wa mutane.

Suna da kulob, su goma sha ɗaya. Duk Lahadi bayan la'asar suke haɗuwa a wata shimfiɗaɗɗiyar gona a Gammo, ta ɓangaren Kabo, wadda mai ita ya ba su aro. Sharaɗinsa ɗaya ne: da ruwan farko ya sauka zai yi shuka, ba sauran tashin jirgi sai bayan girbi.

Wanda ya kafa kulob ɗin shi ne Malam Zechariah, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya shekara talatin yana koyar da aikin hannu a wata sakandare a Gwarzo. Shi ya koya musu yanka farin soson da ake samu a kwalin firij su fitar da fiffike. Shi ya fara ɗora yatsun Taufiq a kan rimot.

Shi ne kuma ya kafa musu wata doka da suke kira "ido na biyu". Kafin jirgi ya tashi, matuƙi zai tsaya a bayansa ya tura sandar rimot dama. Wani ɗan kulob ya duba 'yan faifayen da ke motsi a bayan fiffike, waɗanda suke ce wa kunnuwa, ya faɗa da ƙarfi: "Kunnen dama ya ɗaga." Sai hagu, sai wutsiya. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Mai yawan yin wannan dubawa shi ne Malam Haladu, mai faci a Kabo. Bai iya tuƙi sosai ba, jirginsa ya sha gam har ba a gane asalin launinsa. Amma idonsa ba ya kuskure. Taufiq ba ya kiransa da komai sai "injiniyan taya".

Ana nan sai hawan jinin ido ya kama Malam Zechariah. Na hagu ya tafi. Na dama kuma likita a Kano bai ɓoye masa ba, ya ce saura 'yan watanni.

Malam bai zauna kuka ba. Ya duƙufa kan jirginsa na ƙarshe, wanda ya shekara ɗaya da rabi yana haɗawa. Faɗin fikafikansa ya fi tsayin mutum. Matarsa Clara ce ke zura masa ƙananan kusoshi idan ya kasa ganin raminsu. Ya shafe shi da jan fenti, ja wur, don ja ne kaɗai yake iya tsinta a sararin sama.

Da ya gama, Clara ta riƙo hannunsa har shagon Taufiq. Bayan an gaisa, an tambayi gida da jiki da kasuwa, Malam ya ce:

"Ɗana, alfarma na zo nema. Ni ba zan iya tuƙa shi ba. So nake in gan shi a sama sau ɗaya kafin idon nan ya rufe. Ba na son komai bayan wannan."

Taufiq ya bugi ƙirji. "Baba, ka ɗauka an gama. Sai dai da rimot ɗina zan tuƙa, naka ya tsufa."

"To, yadda ka gani. Amma a duba shi da kyau, na ɗaura abubuwan da lalube."

"Haba Baba! Ni ne fa."

Ranar Lahadin, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kowa ya san ita ce Lahadin ƙarshe kafin shuka. Taufiq ya riga ya baza labari a waya, don haka gonar ta cika. Samari sun ɗaga wayoyi, har da mai rake ya zo cin kasuwa. Aka ajiye wa Malam kujera a gefe, Clara a tsaye a bayansa.

Taufiq ya haɗa jirgin da rimot ɗinsa, ya ɗora masa saitin da yake tuƙa nasa jirgin da shi. Ya karkaɗa sanduna, ya ga komai na motsi, ya ce shi ke nan. Abin da bai lura ba, Malam ya ɗaura injinan kunnuwan a juye. A rimot ɗin Malam an gyara wannan. A na Taufiq kuwa, dama ta koma hagu.

Malam Haladu ya matso ya durƙusa kusa da fiffike. "Taufiq, tsaya mu yi ido na biyu. Kamar na ga na hagu ne ya ɗaga."

Da su biyu ne a gonar, wataƙila da ya tsaya. Amma wayoyi ashirin na kallonsa. Sai ya yi dariya ya ɗaga murya don kowa ya ji:

"Injiniyan taya, wannan ba tiyub ba ne. Matsa kar farfela ta yi maka aski."

Aka kwashe da dariya. Malam Haladu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. Ya sake buɗe baki, ƙarar inji ta danne maganarsa.

Daga kujera Malam Zechariah ya ce, "An duba?"

"An duba, Baba," in ji Taufiq. Wallahi wannan ƙaryar ta fi komai ci mini rai a labarin nan.

Jirgin ya ruga a ƙasa, ya ɗaga hanci, ya tashi. Iska ta ɗan karkatar da shi hagu. Taufiq ya tura dama don ya daidaita, jirgin ya ƙara kwantawa hagu. Ya ƙara turawa da ƙarfi. Jirgin ya kife, ya sako kai ƙasa da dukan gudunsa, ya daki gindin wata kuka a bakin gonar.

Daƙiƙa bakwai ke nan daga tashi zuwa faɗuwa.

Malam yana ta wara ido sama, hannu a goshi, bai ma kai ga gano inda jirgin yake ba. Ƙarar kawai ya ji.

"Clara, mene ne wannan? Ina yake?"

Clara ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ya faɗi."

Malam Haladu ne ya tattaro gutsattsarin a buhu. Malam Zechariah ya sa hannu ya shafa karyayyen fiffiken, ya daɗe yana shafawa. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Mu je gida, ruwa zai sauko."

Ran Talata aka yi ruwan shuka.

Kwana huɗu Taufiq bai buɗe shago ba. A na biyar ya karɓo buhun a gidan Malam Zechariah, ya hau babur ya tafi Kabo, ya durƙusa a gaban rumfar faci, cikin baƙin mai da ƙasa.

"Malam Haladu, ka yafe mini. Na wulaƙanta ka a gaban jama'a, kuma kai ne da gaskiya. Ka taimake ni mu tayar da jirgin nan. Ni tuƙi na iya, ban iya haɗawa ba."

Malam Haladu ya dube shi ya ce, "Tashi, kar ka ɓata wandonka. Ni ba ni ka yi wa ba. Kawo buhun."

Duk daminar nan suna kai. Taufiq ya koyi yanka soso, ya koyi jiran gam ya bushe, abin da a da yake ganin aikin marasa gwaninta ne. Inji ya ƙone, sai da aka yi odar wani aka jira shi sati shida. Sun nemi wani filin, ba su samu ba: ko'ina shuka ce, filin ƙwallo kuma ya yi wa jirgin kaɗan, ga wayoyin lantarki. Kowace Juma'a Taufiq sai ya je gaida Malam Zechariah, yana lura da yadda hannunsa ke ƙara neman bango.

Da aka girbe gonar, ba a gayyaci kowa ba. 'Yan kulob ne kawai, sai Malam da Clara.

Taufiq ya tsaya a bayan jirgin ya tura sanda. Malam Haladu ya ce, "Kunnen dama ya ɗaga." Aka yi hagu, aka yi wutsiya. Taufiq ya ce a sake, aka sake.

Jirgin ya tashi lafiya lau. Ya yi sama, ja wur, ya kewaya gonar a hankali, ya miƙe yamma. Duk wanda ya gani ya ce bai taɓa ganin jirgi mai kyan tafiya irinsa ba.

Taufiq ya rage wuta, jirgin ya yi shiru yana shawagi, shi kuma ya saci kallon kujera. Malam Zechariah ya miƙe tsaye, ya ɗaga fuska sama yana murmushi yana tafi. Gabas yake fuskanta. Jirgin yana yamma.

Clara ta kama kafaɗunsa a hankali ta juya shi.

"Yauwa," in ji Malam. "Taufiq, ɗana, yana da kyau?"

Hawaye ya hana Taufiq ganin jirgin sosai. Da kyar ya ce, "Yana da kyau, Baba."

"To, madalla. Ku kalla mini shi da kyau."

Darasi: Komai gwanintarka, kada ka raina wanda ya ce maka "tsaya mu duba", ko da kana ganin bai kai ka ba. Girman kai na minti ɗaya yana iya cinye abin da wani ya jira duk rayuwarsa, kuma ana iya yafe maka, a gyara abin da ya karye, amma lokacin da ka ɓata wa mutum ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda aka damƙa wa amanar wani a hannu. Allah Ya raba mu da girman kai.