Wandon da Tela Ya Ɗinka wa Ɗansa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, tela ne, yana da ɗa ɗaya mai shekara biyu da rabi, sunansa Filibus. A kwanakin nan uwar yaron, Liyatu, tana koya masa zama a kan fo, wato tukunyar bayan gida ta yara. Kada kowa ya yi dariya, dukanmu an bi da mu ta wannan hanya. Ta cire masa ƙunzugu, ta sa masa gajeren wando mai roba, tsoho ne, har ya koɗe, amma yaron yana iya jansa ƙasa da hannunsa. Cikin mako uku ya gane. Da ya ji fitsari sai ya ruga, ya ja wando, ya zauna, ya dawo yana tafa wa kansa.

Sai Lahadin godiyar girbi ta matso. Telan ya ce a ransa, "Ni nake ɗinka wa 'ya'yan mutane, ɗana kuma ya shiga majami'a da tsumma?" Ya yanko shadda, ya ɗinka riga da dogon wando. Kun san halin teloli da kayan yara: ya ɗinka da girma, wai don yaron ya yi shekara biyu yana sawa. Da aka sa masa sai wandon ya zame har ƙasa. Telan ya ja mazagi, ya ƙulle tamau, ya ƙara ƙulli na biyu a kai.

Liyatu ta ce, "Baban Filibus, ba zai iya kwance wannan ba."

Ya ce, "Yini ɗaya ne kawai."

A majami'a Liyatu tana can gaba cikin mawaƙan zumuntar mata. Telan yana layi da kwandon masara a kansa, sai yaron ya ja masa riga ya ce, "Baba, fitsari." Uban ya ce, "Je ka bayan majami'a, ai ka iya." Yaron ya ruga. Ya ja wando, wando ya ƙi. Ya ja bakin mazagin, ƙullin ya ƙara ɗaurewa. Ya dawo da gudu neman ubansa, amma kafin ya kai, abin ya zubo masa a tsakiyar jama'a, shadda ta jiƙe sharkaf.

Kunya ta kama telan, ta juye ta zama fushi. Ya tsinka wa yaron mari a gaban kowa, ya ce, "Ashe ba ka koyi kome ba."

Daga ranar Filibus ya daina faɗa. In ya ji fitsari sai ya laɓe a bayan rumbu ya yi a wando, ya zauna a can shiru har a nemo shi. Ko fo ya gani sai kuka. In ubansa ya shigo gida, sai ya shige bayan uwarsa. Telan ya ce, "A mayar masa da ƙunzugu, taurin kai ne da shi."

Liyatu ba ta yi gardama ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wandon shaddan. Tun a ranar godiyar sai da ta yanke mazagin da reza kafin ta iya tuɓe wa yaron, ƙullin kuwa yana nan yadda yake. Ta ajiye wa telan a kan keken ɗinki ta ce, "Kwance mini wannan."

Ya sa farce, ya kasa. Ya sa haƙori, ya kasa. Babban mutum, mai sana'ar zare da allura, sai da ya ɗauko tsinke ya yi ta fama kafin ƙullin ya saki. Ya daɗe yana kallon mazagin a hannunsa, zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai, gama ya tuna yaron ya faɗa masa, ya kuma je inda aka aike shi.

Ya farke ƙugun wandon, ya rage shi, ya zura roba. Sa'an nan ya je ya durƙusa a gaban ɗansa ya ce, "Filibus, ba laifinka ba ne. Ni ne na ɗaure." Yaron bai zo wurinsa a ranar ba. Sai da aka yi wata guda kafin ya sāke jan rigar ubansa ya ce, "Baba, fitsari."

To, ga ma'anar wannan misali. Yaron shi ne sabon mai bi, wanda bai daɗe da sanin Ubangiji ba, yana koyon barin tsohon hali da kaɗan kaɗan. Wando mai roba shi ne koyarwa daidai ƙarfinsa, wadda zai iya riƙewa da hannunsa. Telan kuwa, 'yan'uwa, mu ne. Mukan ɗinka wa sabon mai bi rigar da ta fi shi girma, domin a ce ikilisiyarmu ta iya tarbiyya. Jiya aka yi masa baftisma, yau muna so ya yi addu'a kamar dattijo. Mu ƙulla masa dokoki, ƙulli a kan ƙulli, waɗansu ma mu kanmu ba mu iya su ba. In ya zo ya ce yana cikin gwaji, mu ce, "Je ka, ai ka iya." Ran da ya fāɗi, mu tsawata masa a gaban jama'a. Ba zai daina fāɗuwa saboda haka ba. Faɗa mana ne zai daina, ya koma yi a ɓoye.

Na tabbata kowannenku ya san wani da dā yake zama a bencin nan, yanzu ba ya zuwa. Mun ce taurin kai ne. Kafin Lahadi mai zuwa, ka je gidansa. Kada ka tafi da wa'azi. Ka zauna, ka tambaye shi abin da ya faru a ranar, in kuwa ka tarar hannunka ne ya yi ƙullin, ka buɗe baki ka ce masa, "Ni ne na ɗaure."