Rigar da Baduku Ya Ɗinka wa Mota

An ce wai a wani babban gareji na Funtuwa an yi wani Sarkin Makanikai da ake kira Baba Jatau, tsoho ne mai ƙarancin magana da yawan kallo. A zamaninsa garejin yana da doka guda wadda kowa ke tsoro: duk bakaniken da aka tabbatar ya ha'inci mai mota, za a ɗauki akwatin kayan aikinsa a ajiye a wajen ƙofa, ya tafi ke nan, ba dawowa.

Cikin makanikan akwai Tanimu, wanda ya ƙware a kan tsofaffin motocin nan masu ƙusumbi, waɗanda injinsu ke baya, ba sa shan ruwa, iska ce ke sanyaya su. Tanimu ba shi da gida nasa, ba shi da gona. Sunansa kaɗai ya mallaka, yana kuwa ji da shi ƙwarai.

Wata shekara Malam Barau baduku ya kawo masa irin wannan mota, wadda ya gada daga mahaifinsa, yana kuma son ta kamar ransa. Tanimu ya sauke injin, ya sabunta abin da ya ci, ya ɗaure kowane noti da hannunsa, ya zuba mata baƙin mai mai lamba arba'in. Bayan mako biyu sai ga Malam Barau ya dawo fuska a murtuke.

Ya ce, "Tanimu, jar fitilar mai tana kamawa. Da na yi tafiya mai ɗan nisa, in na sassauta a bakin kasuwa, sai ta yi ta ƙyafta mini ido."

Tanimu ya san abin da wannan fitila ke nufi: mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata, in kuwa aka yi sake, inji ya ƙone. Ya zaro sandar awo, ya ga mai a cike. Ya shinshina, babu warin fetur. Ya canza ɗan makunnin da ke kunna fitilar, ya ɗaura ma'aunin ƙarfin mai, ya tuƙa motar da kansa har Malumfashi ya dawo. Allurar ma'aunin ba ta faɗi ba, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Sau uku ana haka. A hannun Tanimu mota garau, a hannun mai ita sai jar wuta.

A karo na huɗu Malam Barau ya kai ƙara wurin Sarki. Aka taru a ƙarƙashin darbejiyar gareji, aka ɗauko akwatin Tanimu aka ajiye a tsakiya. Da Tanimu ya gan shi nan a ƙasa, sai kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Malam Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba yaro ba ne da zan yi wa sa'an ɗan cikina ƙarya. Da idona nake ganin fitilar nan."

Tanimu ya ce, "Baba, ni ma ban taɓa mayar da tsohon ƙarfe na ce sabo ne ba. Injin nan da hannuna na ɗaure shi, in an buɗe aka ga ha'inci, ni zan fitar da akwatin da kaina."

Sai wani bakanike mai suna Gambo, wanda dama ya daɗe yana ƙyashin Tanimu, ya tsoma baki. "Ai abin ba wuya. A zuba mata man giyar mota mai kauri kamar zuma, fitila ta yi shiru, kowa ya huta."

Baba Jatau ya dube shi a kaikaice. "Gambo, toshe bakin majiyyaci ba ya warkar da ciwo. Mai in ya yi kauri fiye da kima ba ya bin hanyar da zai huce, sai ya ƙara wa inji zafi. Garin neman gira za ka rasa ido."

Daga nan ya tashi ya zagaya motar a hankali, hannu a baya. Bai buɗe inji ba, bai taɓa sifana ba. A bayan motar ya tsaya, wajen 'yan tsagogin nan da iska ke shiga. Ya lura fentin wurin ya fi na sauran jikin haske, ga kuma wasu ƙananan ƙugiyoyi huɗu an kafa da kyau. Ya yi murmushi.

Ya ce, "Ban ga maƙaryaci a cikinku ba, don haka yau ba hukunci. Malam, gobe da azahar ka je Bakori ka dawo, ka zarce nan. Amma ka zo da ita yadda kake fita da ita zuwa ɗaurin aure, kada ka rage mata komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Washegari da rana tsaka sai ga mota ta shigo, jar fitila na ƙyaftawa. A bayanta kuwa an ɗaura wata riga ta jar fata, an yi mata zane da kore da rawaya, tuntaye na reto, aikin da duk wanda ya gani sai ya ƙara kallo. Ta rufe tsagogin iska ruf.

Malam Barau ya fito yana taƙama. "Mako guda na yi ina ɗinka ta, don kada ƙura ta shiga sabon inji. In zan zo gareji sai in cire, kada baƙin hannunku ya ɓata mini ita."

Baba Jatau ya yaba ɗinkin sosai, don ya cancanci yabo. Sannan ya kwance rigar, ya miƙa masa, ya ce, "Malam, taimake ni da abu ɗaya. Rufe hancinka da bakinka da ita, ka taka zuwa ƙofa ka dawo."

Baduku bai yi taku goma ba ya fizge ta yana haki. "Haba, ranka ya daɗe, ai sai ka kashe ni!"

Sarki ya ce, "To, daga nan har Bakori haka kake yi wa motar mahaifinka. Wannan ba ta da tankin ruwa, numfashinta shi ne ruwanta. Ka toshe mata hanci, inji ya yi zafi, mai ya tsinke ya koma kamar ruwa, famfo ya kasa tura shi da ƙarfi. Fitilar ba Tanimu take tuhuma ba, ceto take nema daga gare ka. Da ba don ɗaurin yaron nan ya yi kyau ba, da tuni injin ya ƙone a hanya."

Ya sa Tanimu ya zubar da man da ya dahu, ya zuba sabo. Ya ce, "Lamba arba'in ɗin da ka zaɓa shi ne daidai da zafin ƙasarmu. Kada ka ƙara, kada ka rage." Aka sake tafiya Bakori ba riga, fitila ba ta ce uffan ba.

Malam Barau mutum ne mai girman kai, amma ba azzalumi ba ne. Ya sunkuya a gaban jama'a, ya ɗauki akwatin nan mai nauyi da hannunsa, ya kai shi har rumfar Tanimu. Bayan kwana uku ya dawo da rigar, ya sake mata yanka ta zama marufin akwatin, ya ce, "Nan ya kamata ta zauna tun farko, ɗana. Ka yafe mini."

Tanimu ya karɓa da hannu biyu cikin farin ciki, ya rufe akwatinsa da ita. Har ya tsufa bai yarda an wanke baƙin man da ya taɓa fatar ba, kuma duk wanda ya tambaye shi labarinta sai ya gyara zama ya ba shi.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, kafin ka tuhumi hannun da ya yi gyara, duba hannun da ya yi ado, domin so in ya rasa sani, shi ke toshe wa abin so hanci.