Rigar da Ta Yi wa Jariri Yawa

Akwai wani manomi a wani gari, yana da mata mai suna Afiniki. Ita kuwa Afiniki gwanar saƙa ce. Ba jaririn da aka haifa a unguwarsu da bai sa hula ko safa ta hannunta ba. In ta ji an sauka a wani gida, kafin a gama dama kunun mai jego ta iso da ɗan ƙunshinta. In ta lura wata ta fara ƙin warin daddawa, alamar ciki ke nan, sai ta koma gida ta ɗauko kwarashinta, wato ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake saƙa da shi.

Ana nan sai ita ma ta sami ciki, bayan an daɗe ana jira. Ta samo zaren ulu ruwan ɗorawa, ta ce launin nan ba ruwansa da mace ko namiji. Ta fara saƙa 'yar rigar sanyi, irin mai buɗewa ta gaba. Daga wuya ta faro tana gangarowa kafaɗa. In mijin ya dawo daga gona yakan zauna a bakin ƙofa yana wanke ƙafa, yana kallon yatsunta suna tsalle a kan zaren kamar tsuntsaye a kan zangarniyar gero.

Ba ta gama rigar ba. Naƙuda ta zo kafin lokacinta, ta tafi da uwar, ta tafi da ɗan. Aka sa su a kabari ɗaya. Rigar ta tsaya a kafaɗa, kwarashin na soke a jikinta, daidai inda hannun Afiniki ya bar shi.

To, a garin nan akwai wata al'ada. Saƙar da mutuwa ta katse ba a ƙarasa ta. Warware ta ake yi, a kai zaren bayan gari a binne. Cewa suke zaren ya riga ya san hanyar kabari, duk jaririn da ya sa shi zai bi hanyar.

Da aka tashi daga makoki, sai ƙanwar mahaifin manomin, Goggo Tani, ta shigo da wani tsumma a hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, sako mini abin can a cikin tsumman nan, kada in taɓa. Mu yi abin da ake yi, mu huta."

Ya ce, "Goggo, ba za a warware ba."

"Me ka ce?"

"Abin da Afiniki ta ƙulla ba mai kwance shi. Mutuwa ta ɗauki biyu a gidan nan. Ba zan bi ta da gudu ina cewa tsaya, ga wani abu kin manta ba."

"To me za ka yi da ita? Ka zuba mata ido har ka zare?"

"Ƙarasawa zan yi."

Goggo Tani ta tafa hannu, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Kai? Da waɗannan yatsun naka masu kama da saiwar rogo?"

Da aka gama girbi, sai ya fito da kujera ƙofar gida, ba cikin ɗaki ba, a fili inda kowa ke wucewa. Ya zauna da rigar a kan gwiwa.

Abokansa suka samu abin dariya. Wani ya ce, "Sannu da aiki, uwargida!" Wani ya ce, "Mutumina, in ka gama ka saƙa wa jakina wando, yana jin sanyi." Wani kuma ya ce, "Saura ɗankwali, sai mu raka ka zumuntar mata."

Manomin bai ɗaga kai ba. Ya ce wa mai jakin, "Kawo jakin in auna. Na ga ƙugunku ɗaya, in ya ƙi sawa kai ka sa."

Amma aikin bai yi ba. Zaren ya harɗe masa, kwarashin ya soke shi a yatsa. Goggo Tani kuwa kullum sai ta sami dalilin bi ta ƙofar, tana kawar da kai, tana kallonsa ta gefen ido. Wata rana abin ya ishe ta.

Ta ce, "Wayyo ni Tani! Ba haka ake riƙewa ba, sai ka ce wanda zai soke ɓera a rami!"

Ba ta taɓa zaren ba. Ta zare tsinke daga tsintsiya, ta tsinto guntuwar igiya a ƙasa, ta tsuguna nesa da shi tana nuna masa. "Soka. Ɗauko. Ja. Sake kuma. Dubi aikinta da kyau, ga inda take ƙari, nan da nan. Kowane layi sai ta ƙara ƙulli, don kafaɗa ta buɗe. Ka gani?" Ta miƙe ta kakkaɓe zani. "Ban koya maka ba fa. Ban ma biyo ta nan ba."

Manomin ya kama. Ya soka, ya ɗauko, ya ja. Kowane layi ya ƙara ƙulli, kamar yadda matarsa ta yi. Sai dai akwai abin da Goggo Tani ba ta gaya masa ba, domin duk macen da ke saƙa ta san shi, ba ta zaci akwai wanda bai sani ba. In an kai ƙirji, daina ƙari ake yi. Shi kuwa bai san inda ake dainawa ba. Abin da ya ga hannun Afiniki ya yi, shi yake bi. Rigar ta yi ta buɗewa. Zare ruwan ɗorawa ya ƙare, ya je kasuwa bai sami irinsa ba, ya kawo shuɗi ya ci gaba. Da ya gama, sama ta fito sumul, aikin mai ita, ƙasa kuwa ta fito da tudu da kwari kamar kunyar da yaro ya yi a gona.

A unguwar kuma akwai wata mata mai suna Saraya, matar Filibus kafinta. Saraya takan haihu, amma 'ya'yan ba su zama. Ba wanda ya taɓa kaiwa ga tsayawa da ƙafarsa. Irin wannan ake kira wabi. Matan garin ba mugaye ba ne, amma sun daina kai mata kayan jariri. Sukan ce, "Bari mu ga ko wannan zai zauna tukuna." Afiniki kaɗai ce ba ta taɓa jira ba. Kowace haihuwa sai ta kai hula. Yanzu ga shi babu Afiniki, ga Saraya ta sake haihuwa, namiji. An naɗe shi a tsohon zani. Har an fara kiransa Ajuji, sunan da ake ba irin waɗannan yara, wai don mutuwa ta ɗauka abin yarwa ne ta wuce.

Manomin ya ninke rigar, ya tafi barka. Ya sami mata cike da tsakar gida, Goggo Tani na cikinsu. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mai jego ya yi sallama, ya miƙa wa Filibus ƙunshin. Da Filibus ya buɗe ya ga zaren, sai ya dubi uwarsa.

Uwar Filibus ta miƙe. Ta ce, "Ɗana, mun san kana cikin zafi, amma ka ji tsoron Allah. Yaron da ƙafarsa ɗaya ke waje za ka kawo wa zaren kabari? Mai da abinka."

Manomin ya ce, "Inna, zaren nan ya kwana a gwiwata tun girbi, ga ni tsaye. Ba kabari ya sani ba. Hannun Afiniki ya sani. Da tana nan da tuni ta zo, kun sani. Ni ɗan aike ne kawai."

Daga cikin ɗaki aka ji muryar Saraya. Ta ce, "Ku ba ni in gani."

Aka miƙa mata. Ta warware ninkin, ta ɗaga rigar sama. Sai ta yi ta sauka, ta yi ta buɗewa. Ta ɗora ta a kan jaririn, jaririn ya ɓace gaba ɗaya, ko tafin ƙafarsa ba a gani. Wata ta toshe baki, wata ta kasa, sai dariya ta ɓarke a tsakar gidan.

Goggo Tani ta dafe kai. Ta ce, "Kai, sakarai! Ba ka daina ƙari ba? Wannan ai ba ta jariri ba ce. Wannan ta mai tafiya ce!"

Da ta faɗi haka, dariyar ta mutu. Kowa ya tuna a ɗakin wa ake. Ba a taɓa ganin mai tafiya a ɗakin Saraya ba.

Manomin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ban sani ba. Ku yi haƙuri. Kawo in rage."

Saraya ta riƙe rigar a ƙirji. Ta ce, "Yaya, ba za ka rage ko ƙulli ɗaya ba. Tunda nake haihuwa, ba wanda ya taɓa auna ɗana da gobe. Kowa da tsawon kabari yake auna shi." Ta dubi mijinta. "Baban yaro, kai ba kafinta ba ne? Kafa mini ƙusa a bangon nan, daidai inda yake kwanciya. Ba zan ninke ta in ɓoye a akwati ba. Duk safiya in ya buɗe ido, ya ga abin da ke jiransa. Kuma Inna, ki yi haƙuri, kada in sake jin Ajuji a gidan nan. Suna na mutane za a raɗa masa, a gaban ikilisiya."

Filibus ya ɗauko guduma. Ana cikin buga ƙusar, sai Goggo Tani ta matso, ta miƙa hannu, hannunta tsirara ba tsumma, ta karɓi rigar. Ta juya ta gaba da baya tana tsaki.

Ta ce, "Riga ba maɓalli. Haka za a rataye ta, a ce a zuriyarmu aka yi? Wata ta ba ni allura."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana.

Zaren nan ƙauna ce da waɗanda suka riga mu tafiya suka bari a hannunmu ba su gama ba. Al'adar warwarewa kuwa tsoro ne. Tsoro yakan zo da muryar mutanen kirki, masu son mu da gaske, yana cewa kwance, binne, kada ka sake sa rai, don kada a sake karya ka. Ban ce ku raina manya ba. Goggo Tani ce ta koya masa, ita ce kuma ta ɗinka maɓalli. Amma mu da muka ce Yesu Almasihu ya fito daga kabari da ƙafarsa, ba daidai ba ne mu riƙa kai wa kabari gaisuwa da zarenmu. Abin da mutuwa ta ɗauka ta ɗauka, har ranar da Ubangiji zai sa ta amayar. Abin da ta bari, namu ne. Kada a ƙara mata.

Rigar da ta yi yawa kuwa ita ce begen mai bi. Kullum yakan fi abin da ido ke gani girma, shi ya sa ake yi masa dariya. Mutumin nan ba gwani ba ne. Kuskure ya yi, ya bi sawun mai ƙauna bai san inda ake tsayawa ba. Sai Allah ya ɗauki kuskuren nan ya faɗa wa Saraya abin da masu hankali duka suka kasa faɗa mata.

Na san abin da ke bakinku. Kuna so ku tambaya, yaron ya kai ya sa rigar? Misalin bai faɗa ba, ni ma ba zan yi muku ƙari ba. Kun san ni. Da ku muka tsaya a bayan coci da daminar bara, ruwa na dukanmu, ana mai da ƙasa a kabarin iyalina. Ba ni ne zan ce muku duk wanda aka saƙa wa riga yakan sa ta ba. Amma ranar da aka buga ƙusar nan, yaron ya tashi daga baƙo ya zama ɗan gida. Ko kwanansa kaɗan ne ko da yawa, ya yi su a ɗakin da ake jiran girmansa. Wannan kuwa mutuwa ba ta da hannun da za ta ƙwace shi.

Saboda haka, in kun ji an haihu, kada ku tsaya ganin ko zai zauna. Ku kai hular yau. Gidan da kowa ke tsoron shiga da kyauta, can za ku fara zuwa. Wanda kuma aka bar wa abu rabi a hannu, ko saƙa ce, ko gona, ko yaro, ko waƙar da ba a kai ƙarshenta ba, ya ɗauka ya ci gaba, ko da aikin zai fito a karkace.

Ran Laraba zumuntar mata za su zauna a gindin mangwaron coci, saboda jariran da muke jira a ikilisiyar nan. Ni ma akwai dunƙulen zare da aka bar mini a ɗaki, da kwarashi soke a jikinsa. Zan zo da shi. Wanda yake son dariya, ya taho da kujerarsa.