Furar Tabawa a Gaban Fada

Ku matso, jikokina. A wani zamani can baya, an yi wani sarki da ya rasu ya bar ɗa guda, yaro ɗan shekara goma sha biyu, sunansa Jatau. Aka naɗa masa rawanin da ya fi kansa nauyi.

To, a ƙasar nan akwai doka. Sarki ba ya ci ba ya sha a gaban mutane, kada a ga yana jin yunwa kamar kowa. Wanda ya miƙa masa abinci a fada kuwa, korarsa ake yi daga gari. Saboda haka kullum sai a ajiye wa Jatau akushi a ɗaki, a ja ƙofa. Yana jin yara suna wawar tuwo a bayan katanga, shi kuwa sai ƙarar taunarsa. Sarauta ce, amma wallahi maraici ne.

Akwai wata tsohuwa, Tabawa, wadda ta goye shi tun rasuwar uwarsa. Ido ya tafi, hankali ma ya fara bin sa. Ran nan fada ta cika, sai ga ta tana laluben bango da ƙwaryar fura, ta ratsa dogarai.

Ta ce, "Ina Jatau? An ce mini ka rame. Ungo, sha, ɗan nema!"

Galadima, ƙanen uban yaron, wanda ya daɗe yana hangen gadon sarautar, ya miƙe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, doka ba ta san tsufa ba. A fitar da ita bayan ganuwa yau. Sarkin da ya kasa korar tsohuwa, yaya zai kori maƙiyi?"

Jatau ya dubi Tabawa riƙe da ƙwarya. Makauniya a bayan ganuwa, ai abincin kura ce. Ya juya ga Waziri Gwadabe, ya ce, "Waziri, wanda sarki ya ci abincinsa, mene ne matsayinsa?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ya shiga amanar sarki, ba mai taɓa shi. Sai dai ka sani, in ka sha a nan, gobe har a kasuwa za a yi maka dariya."

Jatau ya ce, "Dariya ba ta cin mutum. Kura tana ci."

Ya sauke amawali, ya karɓi ƙwarya da hannu biyu, ya kafa kai, fura tana zuba a kan alkyabba. Tabawa ta ce, "A hankali mana, kada ka ƙware!"

Dariya kam an yi ta, ba zan yi muku ƙarya ba. Har waƙa aka yi masa. Ya ji, ya shanye. Amma da talakawa suka ga abin da ya yi wa makauniya, sai suka daina kai kukansu gidan Galadima, suka dawo fada. Galadima ya koma gefe.

Dokar ba ta tashi ba, Jatau ya ci gaba da ci shi kaɗai. Sai dai tun daga ranar, in an ja ƙofa, akwai tsohuwa zaune a bakinta, tana cewa, "Ban ji kana tauna ba. Ƙara loma."

Nan na sauke muku. Ku tashi ku kai wa maƙwabciya tuwonta tun bai huce ba.