Muryar Zaki a Cikin Tulu

Ga ta nan ta taso, ku matso ku tare ta, mai gyangyaɗi kuma a taɓa shi.

Akwai wani Kurege a bakin kogi, sunansa Nomau, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. A gonar mutane yake kalaci. To, a shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, gyaɗa ba ta yi ba, Nomau ya rame har wutsiyarsa ta fi shi nauyi.

Wata rana yunwa ta koro shi ta ƙofar Hajiya Lantana, wata Dorina da ta buɗe gidan gyaran jiki a bakin ruwa. Tana wankan taɓo, tana tausa da man kaɗanya, tana sirace ga mai mura. A rumfarta ga zuma, ga dabino, ga kunun aya mai sanyi, ga buhunan gyaɗa har uku, duk wai na ƙarin lafiya. Masu zuwa ne kawai babu. Tun ranar da ta yi wa Gada tausa aka kai ta gida a kan ƙyaure, kowa ya canza hanya.

Nomau ya ga gyaɗa, ya haɗiyi yawu. Ya zaga juji ya tsinci tabarau marar gilashi da wata matacciyar waya, ya dawo ya yi sallama yana tafiya ɗai-ɗai.

Ya ce, "Hajiya, hannunki lafiya lau yake. Shafi ne ba ki da shi a intanet. Ni ne Injiniya Nomau, wanda ya yi wa Jimina shafi har take sayar da ƙwai a garuruwan da ba ta iya faɗin sunansu ba. Ni in na ɗauki waya, ita ke fara gaishe ni."

Hajiya ta washe baki, ta tambayi yaushe za a fara. Ya ce ai shafi ba a yin sa da garaje, sai an zauna an tsara, tsari kuwa ba ya shiga kan mai jin yunwa. Aka cika masa akushi. Ku sani fa, Nomau bai san ta inda ake kunna waya ba. Abin da ya sani shi ne, ranar da aka gama tsari ranar akushi zai ƙafe, ranar da Hajiya ta gano shi kuwa zama kawai za ta yi a kansa.

Da gari ya waye aka zauna zaɓen launi. Kore ko shuɗi? Kwana uku ana wannan muhawara, Injiniya na ɓare gyaɗa yana girgiza kai. Da Hajiya ta ce kore, sai ya ce akwai kore iri goma sha ɗaya.

Da gari ya waye ya ce ba zai rubuta bayanin kayan da bai ɗanɗana ba, don shi ba ya ƙarya. Ya shanye zuma, ya bi da dabino, ya kora da kunun aya. Taɓo ne kaɗai ya ce ya yarda da shi ko bai gwada ba. Daga nan ya gyara tabarau ya tambaye ta mene ne ruhin sana'arta. Baiwar Allah ta ce ita dai taɓo ta sani. Ya ce wannan magana tana da zurfi, sai ya yi mako guda yana nazarinta.

Haka aka ci wata biyu. Buhu biyu suka tafi, Nomau ya yi kumatu, wuyansa ya yi ninki. Ranar nan Hajiya ta yi hamma a gabansa, da gangan, ya ga haƙora kamar taɓare. Ta ce in Juma'a ta zo ba ta ga wani abu da idonta ko ta ji da kunnenta ba, za ta yi masa tausa kyauta.

Nomau ya tuna da Gada, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce saura abu ɗaya tak, shaidar waɗanda suka amfana. Hajiya ta ce ai ba wanda ya amfana. Ya yi dariya ya ce manya ba sa zuwa da ƙafarsu, aike suke yi, shi da kansa ya sha kai wa Zaki taɓonta a ɓoye. Ya sa ta nuna masa inda ake danna ɗaukar murya a wayarta, wai tata ƙirar ta bambanta da tasa. Ya karɓi wayar wai zai je wurin Zaki, ya zaga bayan rumfa, ya zura kai cikin wani tsohon tulu, ya yi gyaran murya. Tulu ya amsa da rugugi.

"Ni ne Zaki, sarkin dawa. Shekara bakwai basir ya hana ni zama, a tsaye nake shari'a. Kwana uku na shafa taɓon Hajiya Lantana, yanzu har tsalle nake."

Da Hajiya ta saurara sai da ta yi hawaye. Nomau ya gargaɗe ta da ta adana muryar sai ranar buɗe shafi, ranar da ya san ba za ta zo ba. Ta yi alkawari. Aminiyarta Zabuwa kaɗai ta tura wa, ta kuma ce mata kada ta tura wa kowa. Zabuwa fa! Kafin la'asar har kifayen ƙasan kogi sun ji.

Da gari ya waye Zaki ya fito, duk wanda ya gamu da shi sai ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙarfin jiki?" Bauna ya yi masa barka da samun sauƙi. Biri kuwa, don neman fada, ya rugo da matashi mai laushi ya ajiye masa a inda zai zauna. Zaki ya damƙe shi ya tambayi dalili, Biri ya kunna masa muryar. Sarki ya saki Biri, ya nufi bakin kogi.

Duk dajin nan mutum ɗaya ne bai san abin da ake ciki ba, shi ne Injiniya mai matacciyar waya. Ya ci akushi biyu na tukuici, daɗi ya kwashe shi, ya ce bari ya ƙaro shaida ta biyu. Kumatu sun ƙi shiga tulu, ya tura da ƙarfi har suka shige.

"Ni ne Zaki, sarkin dawa. Na manta ban gaya muku ba, ban da basir har da tsutsar ciki..."

"Ci gaba," in ji wata murya a bayansa, "ina saurare."

Wannan muryar ba ta bukatar tulu. Nomau ya ja kai, kai ya ƙi fita. Gyaɗar Hajiya ta riƙe shi. Ya yi ta maza ya ce shi aljanin tulu ne, duk wanda ya taɓa shi hannunsa zai shanye. Zaki ya ce bai taɓa ganin aljani da wutsiyar kurege ba, ya ɗaga hannu ya sauke.

Tulu ya tarwatse, Nomau ya yi sama ya faɗo a taɓo. Ya ranta a na kare, bakin tulun na rataye a wuyansa. Hajiya, da ta gane komai, ta kai masa taku, ta samu rabin gashin wutsiya. Da ƙyar ya faɗa wani rami yana haki, ga ƙulu a goshi kamar ƙwan zabuwa.

Zaki ya sa aka yi shela cewa shi bai taɓa basir ba. Shelar nan ce ta sa kowa ya tabbata ya yi.

Da gari ya waye layi ya miƙe daga rumfar Hajiya har gindin tsamiya. Kowa na raɗa mata a kunne a ba shi irin na sarki, kowa kuma wai maƙwabcinsa ne ya aiko shi. Shafi dai har yau ba a zaɓi launinsa ba.

Nomau ya leƙo daga rami da ido ɗaya, don ɗayan ya kumbura, ya ƙare wa layin kallo. Ya gyara bakin tulun a wuyansa kamar wanda aka rataya wa lambar yabo, ya ce, "Ku dubi aikin Injiniya. Tsari kawai na yi fa, ban ma buɗe shafin ba. Amma ko gyaɗa ɗaya ba a aiko min ba, mutanen yanzu ba su san gwani ba."

Nan ta ƙare, ƙurunƙus, kan kurege da ƙulu.